Barkonon Gwaggo a Kan Kwalta

Shekarar da na yi aikin titi ban taɓa cin abinci a natse ba. Kamfanin da ya ɗauke ni gyaran tsofaffin hanyoyi yake yi. Idan damina ta wuce ta bar titi duk ya tsattsage, sai mu share, mu cike tsagogin, a fesa narkakkiyar kwalta sama-sama, a watsa ƙananan tsakuwa, motar daɓe ta bi ta kai. Wannan shafen shi ke hana ruwan baɗi shiga ƙarƙashi ya ɓarke hanya. Nawa aikin shi ne in riga kowa zuwa in tabbatar babu komai a kan titi. Kwalta ba ta kama wuri mai datti, kuma da zarar an dafa ta a tanki dole a fesa kafin ta huce. Shi ya sa kullum nake kan babur, ina kai da kawowa.

Da kaka muka iso kusa da Ƙarfi, garin mahaifina. Tun ana saura kwana uku na bi gida-gida ina roƙon a kwashe shanya, domin a wajenmu gefen kwalta ake busar da amfanin gona. Masu masara suka kwashe, masu kuɓewa suka kwashe. Na faɗa wa gwaggona, yayar mahaifina, ta ce ta ji.

Ranar aikin, da hantsi, ina karyo kwana na hango gefen titi ya yi jawur. Barkono ne, an baza shi tun daga gada har gindin wata darbejiya, ga Gwaggo zaune a inuwar tana korar awaki.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ba mun yi magana ba?"

"Mun yi. Ka ce Laraba."

"Ai yau ce Larabar."

"To bai bushe ba, ɗan nan. In na tara shi da danshi ya yi baƙi, wa zai kalle shi a kasuwa?"

Na tashi na leƙa hanyar Malumfashi inda tankin kwalta zai ɓullo, na dawo, na sake leƙawa. Ba zan iya ɗaga mata murya ba, ita ta goya mahaifina. Ba zan kuma iya tsayar da tankin ba. Ina cikin wannan zirga-zirga na hango hayaƙinsa.

Helmanmu, wato shugaban leburori, Kirista ne, iyayensa daga kudu suka zo, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya sauko daga mota ya dubi barkonon, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran sallama daga aiki. Sai ya wuce ni ya je ya rusuna gaban Gwaggo.

"Mama, sannu da ƙoƙari."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza a yatsa, ya ce, "Gaskiyarta, da saura." Ya sa aka yaye tamfol ɗin da ke rufe da motar tsakuwa, aka shimfiɗa a wata gonar da aka riga aka girbe. Ya ce kowa ya sa hannu.

Leburori suka ɗauko shebur, Gwaggo ta ce sam, warin gas yake yi. Da hannu da tsintsiya muka kwashe, tana tsaye a kanmu tana nuna wanda ya faɗi. Atishawa ta cika wurin. Ni da gaggawa ta ci ni na goge gumi da tafin hannu, idona ya rufe, na wuni ina hawaye. Kafin mu gama kwaltar ta huce, sai da aka sake kunna wuta a ƙarƙashin tanki muka zauna jira. Har la'asar rabin aikin ranar kawai muka yi.

Helma bai yi faɗa ba. Da za mu tashi ya ce, "Malam, gobe ka fara da danginka."

Gwaggo ta tambaye ni yaushe za ta mayar da shanyarta. Na ce ta ba titin mako biyu. Amma kwana huɗu bayan nan muka matsa gaba, aka zo aka ɗauke tamfol, ita kuwa ta koma gefen kwalta da sauran da bai bushe ba. Zafin azahar ya sa sabon shafen ya yi laushi, barkonon da ke ƙasa ya manne. Ta kankare abin da ta iya, amma warin kwalta ya kama shi, kusan buhu guda ta zubar.

Ta je har gida ta gaya wa mahaifina cewa titin lafiyarsa ƙalau kafin in kawo mutanena su ɓata shi. Mahaifina bai iya musa wa yayarsa ba, ya sa na je na ba ta haƙuri. Ta riƙa amsa gaisuwata a daƙile har bayan sallah.

Da kamfanin ya koma wajen Dandume ban bi su ba, na gaji da gudu. Kafin kaka ta zagayo ni da ƙannena muka yi mata daɓen siminti a bayan gida. Ta yi shekara ɗaya tana shanya a kai, daga baya ta ce ba ya ɗaukar zafi kamar kwalta, ta koma bakin titi.