Akushina da Idon Malam

A shekarun da abin nan ya faru ina auren wani maɗinkin riguna a cikin ganuwar Gozaki, haihuwata uku, kuma in ana zancen girki a unguwarmu ni ake fara ambata. Na roƙi a rubuta mini wannan ne saboda har yau ba na iya faɗarsa ina kallon idon mutum. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don laifin nawa ne ni kaɗai.

A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan magariba sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, a fito wa kowa da akushinsa daga gida, su haɗu su ci tare. Mu mata ba ma leƙawa, amma kafin hantsi kowace ta san akushin da aka suɗe da wanda ya koma da saura. Nawa bai taɓa dawowa da ko loma ba. Tuwon dawa nake tula musu, man shanu na yawo a kan miya, in biyo da fura da zuma, ranar Juma'a kuma nakiya ko alkaki. Malam, mijina, mutum ne da ke wuni zaune da allura, don haka ya yi teɓa, wuya ya cika. Ni kuwa har tinƙaho nake yi da ƙibar nan a bakin rijiya, kamar ni na halicce ta.

Sai Malam ya fara ƙishirwar da tulu guda ba ya kashe ta, ga yawan fita fitsari, ga kasala. Wata safiya na ga kiyashi sun yi dafifi a inda ya kama ruwa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ido, don ya koma sai ya yi ta lalube kafin ya zura zare a allura, alhali da allurar nan muke ci. Ƙanwarsa ta ba mu labarin wata tsohuwa Bamagujiya mai ba da magani a wajen Dayi, muka hau jaki muka je. Tsohuwar ta tambayi abin da yake ci, na gyara zama na shiga lissafa mata, ina jiran yabo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce zaƙi ne ya yi masa yawa a jiki, kuma ba ta da saiwar da za ta yi kokawa da tukunyata. Ta ce a yanke zuma da rake da nakiya, tuwo ƙaramar malmala ɗaya, a cika masa ciki da wake da zogale da rama da tafasa, ya kuma riƙa takawa gona kowace safiya. Ta kira ni 'yarta, ta ce idonsa yana hannuna.

Wata biyu na bi maganarta. Ƙishirwar ta lafa, teɓar ta zube, rigunansa suka yi masa yawa. Ran nan ya kira ni yana dariya, ya zura zare a gabana sau ɗaya tak.

A wurin wani suna komai ya lalace. Matar maƙwabcinmu ta tambaye ni a gaban mata ko fari aka yi a gidanmu mu kaɗai, don mijinta ya ce yanzu abincin awaki ke fitowa daga wurina, ga Malam ya rame kamar wanda ba shi da mata. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na koma gida zuciyata na tafasa. Washegari na mayar da akushina yadda yake da, har da ƙarin zuma. Na gaya wa kaina don sauran magidanta na yi, na kuma zuba wa Malam ganyensa a 'yar ƙwarya daban. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Wane magidanci ne zai zauna cikin tsaransa ya janye hannu daga akushin gidansa? Kullum 'yar ƙwaryar takan dawo ba a taɓa ba, ni kuma in juye wa awaki, ban tambaya ba. Sau ɗaya Malam ya roƙe ni a hankali in daina, na fashe da kuka na ce so yake ya mayar da ni abin dariyar unguwa. Bai sake tayar da zancen ba.

Kafin a cire auduga ni nake zura masa zare. Daga nan wani bafatake ya dawo da rigar da ya ba shi ɗinki, aikin ya karkace, Malam bai ma gani ba sai da aka kama hannunsa aka ɗora a wurin. Muka koma Dayi. Tsohuwar ta duba idon, ta ce ransa za a iya riƙewa in an koma kan ganye, amma gani ya tafi. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Ranar da na sake fitar da wake da kwaɗon zogale zalla, na laɓe a bayan zaure ina jiran in ji an zage ni. Hirar ruwan sama kawai suka yi ta yi. Akushin ya dawo a suɗe, kuma mijin matar nan da ta yi mini gori shi ya fi kowa ci. Ashe abin da na sayar da idon mijina a kansa ke nan.

Malam yana raye, ba ƙiba, ba ƙishirwa, kuma bai taɓa yi mini gori ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi. Ku da ke da marar lafiya a gida aka hana shi wani abinci, ku ji tsoron Allah ku tsare tukunyarku, ku bar masu magana su yi, gobe sun manta. Waɗanda suka yi mini dariya a wurin sunan nan ba wadda ta tuna. Ni ce nake kama hannun Malam kowace magariba in kai shi bakin tabarma, in ɗora masa yatsu a gefen akushi.