Da Sauƙi

Wata uku na yi ina jinyar matar yayana a Dangora, bayan asibiti sun sallame mu, sun ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Ni ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ni ke wanke zannuwa, ni ke ba ta kunu da cokali. Daga baya kunun ma ya ƙi wucewa, sai dai in jiƙa auduga in shafa mata a leɓe.

'Yarta tilo tana aure a Riruwai, ga tsohon ciki. Kullum sai ta bugo waya.

"Gwaggo, ya jikin Umma?"

"Da sauƙi."

Haka ake cewa a wurinmu. Ko mutum na gargara, da sauƙi ne. Yaya kuma ya ja mini kunne: "Kada ki tayar wa yarinya hankali, kin san halin da take ciki." Ni da aka sani ba na tauna magana, na bi.

Ranar wata Talata da hantsi numfashin matar yayana ya sauya, ƙafafu suka yi sanyi. Bakina ya kasa faɗa. Na ɗauki waya na laluba haruffan da na koya a ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki, na rubuta wa 'yarta: ba sauƙi ki taho.

Kafin azahar na laƙƙana mata kalmar shahada, ta cika. Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa da ƙyalle, muka yi mata wanka da ruwan magarya, muka sa ta a likkafani. Maza suka shigo da makara, na tare ƙofa.

"Ba mai ɗaukar ta."

"Ke, ba a jinkirta gawa," in ji Yaya.

"Na sani, Yaya. Laifin a wuyana. 'Yarta na hanya."

Sai bayan la'asar ta iso, tana dafe da ƙugu. Na kwance likkafanin wajen fuska. Ta daɗe tana kallon yadda uwarta ta ƙare, sannan ta ɗago.

"Gwaggo, jiya fa kika ce da sauƙi."

Na mayar da likkafanin na rufe fuskar.

Har yau tana durƙusawa ta gaishe ni, tana kawo mini tsaraba. Amma in wani ya kwanta a gidanmu, ba ni take tambaya ba.