Inna Nas da Angonta na Roba

Kullum da hantsi za ka ga Inna Nas ta fito daga lungunmu rungume da mutum-mutumin roba marar ƙafafu, ta nufi tasha ko garejin makanikai. Tunda ta yi ritaya daga asibiti aikinta ke nan. Direbobi angonta suke ce masa, har su tambaye ta ko ya karya kumallo. Takan yi dariya, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta durƙusa da ƙyar, ta fara darasi ko da mutum biyu ne suka tsaya.

Darasin ba shi da yawa. In mutum ya yanke jiki ya faɗi, ka bubbuga kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko sai kakari yake yi jefi-jefi, ka nuna wani ka ce ya kira motar asibiti. Kai kuma ka kwantar da shi rigingine a ƙasa, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka yi ta dannawa da ƙarfi da sauri har taimako ya iso. In an ce ana tsoron karya haƙarƙari, sai ta ce ai haƙarƙari yana warkewa.

'Yan gareji sun shaida min cewa ranar da mai walda ya faɗi, mai facin taya ne ya ture masu neman bokitin ruwa, ya yi yadda ta koya masa. Mai waldan yana nan, har tumbi ya ajiye.

Abin da ke sosa min rai shi ne mafarin wannan yawo nata. Tana bakin aiki mijinta ya faɗi a tsakar gida. Makwabta suka yayyafa masa ruwa, ƙannensa suka yi ta fifita. Ba wanda ya taɓa ƙirjinsa, don kowa cewa yake, ga nas a gidan, wa zai yi karambani? A jira ta. Ko da ta iso, an riga an rufe shi da zane.

Inna mai hannun alheri, ke ce ba ki ɗora wa kowa laifi ba, kanki kawai kika zarga da ba ki koya wa na gida ba. Yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsunki, ƙirjin robar ma ba ya lotsawa a hannunki, amma yawancin mutanen lungun nan har yau ba su durƙusa sun gwada ba. Wannan abin yana yi min ciwo.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka miki da alheri. Jama'a, ku je ku koya tun tana iya durƙusawa. Jiya 'yarta ta roƙe ta da ta huta haka nan. Inna ba ta ɗago daga goge robar ba, ta ce, "In ba ku koya ba, ranar da na faɗi, wace nas za ku jira?"