Daminar da Yayana Ya Yi Noman Mutum Biyu

Ni ne mai laifi. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya karanta ya ɗauka tausayi nake nema. Akwai wata damina a rayuwata da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A cikinta na cuci mutumin da ya fi kowa yi mini alheri, ban tsaya nan ba kuma, na ƙara masa da baƙar magana.

Ƙauyenmu yana tsakanin Minjibir da Zakirai, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin wani fili da aka bari haka nan. A gidanmu gandu muke nomawa mu uku, Baba da yayana da ni. Ƙa'idar gidan ita ce, daga safe har azahar kowa yana gandu, wato gonar da gida duka ke ci daga cikinta. Bayan azahar kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan filin da Baba ya yanka masa, abin da ya fito a ciki nasa ne shi kaɗai. Yayana gyaɗa yake shukawa a tasa. A lokacin bai daɗe da yin aure ba, da wannan gyaɗar yake riƙe ɗakinsa, da ita kuma yake sa ran ya rufa wa matarsa kwano, don ɗakin nasu yana yoyo.

Shi bai yi boko ba, allo ya yi har ya sauke. Ni aka sa a makaranta. Tun ina firamare, ranar da na zo na ɗaya, hedimasta ya dafa kaina ya ce, “Wannan ai likita ne.” Shi ke nan suna ya bi ni. Tsofaffi in za su kira ni sai su ce Likita, mata su kawo mini kwalbar magani in karanta musu yadda ake sha. Ni ma kuma da gaske nake so. Na ga ranar da aka ɗauki ƙanwata a amalanke zuwa asibitin Minjibir ƙyanda ta rufe ta, na ga yadda wani mutum mai farar riga ya duba ta, Allah ya tashi kafaɗunta. Tun daga ranar na sa wa raina sai na zama irinsa.

Shekarar da zan rubuta jarrabawar gama sakandare tana cikin shekarun nan na wahala, da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, kananzir sai an yi dogon layi, malamai kuma yau suna aji gobe suna yajin aiki. Ga shi jarrabawar tana faɗowa daidai lokacin shuka da noman farko, lokacin da manomi ba ya son ko awa ɗaya ta wuce shi. Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya zaunar da mu a zaure ya ce, “Bana ga yaron nan da jarrabawa, ga gona. Ni kuma ƙarfina ba kamar da ba. Yaya za a yi?”

Yayana bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce, “Baba, a sake shi ya yi karatunsa. Rabonsa na gandu ni zan riƙa yi.”

Baba ya ce, “Gayaunarka fa?”

Ya ce, “Ai rana tana da tsawo.”

Haka aka sake ni. Kowa ya saɓi fartanya da safe, ni in saɓi littattafai in nufi gindin wata ɗorawa da ke bayan gari, wai can ya fi shiru. Inna har fura take ware mini daban, ta ƙara mata nono. Matar yayana, wadda muke wasa da ita irin na ƙanin miji, in zan fita takan leƙo ta ce, “Likita bokan Turai, in ka gama karatun ni za ka fara yi wa allura, amma kyauta.” Ni kuma in ce, “Ke kam sai kin biya ninki biyu.”

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ban gane karatun ba. Kemistiri da lissafi sun tsere mini tun muna aji huɗu, lokacin da muka yi zango biyu ba malami. Da aka kawo wani, sai ya ɗora daga inda littafi ya kai, mu kuma an bar mu a can baya. Wasu ’yan ajinmu sukan ɗaga hannu su ce, “Malam, ba mu gane ba.” Ni ban taɓa ba. Wanda gari duka ke kira Likita, ina zai buɗe baki ya ce bai gane ba? Sai in gyaɗa kai kamar abin ya shige ni.

To, a gindin ɗorawar nan sai ni da gaskiyata. In buɗe littafi, in karanta shafi ɗaya sau uku, in rasa abin da ya ce. Sai in ce bari in ɗan huta in sake gwadawa. Hutun nan shi ne barci. Kwana ya bi kwana, har na daina ma yaudarar kaina. Ina zuwa sai in shimfiɗa buhu, in kifa littafin a fuska. In na ji tafiyar mutum sai in yi zumbur in zauna ina motsa baki. Wani lokaci in ce da Inna akwai darasi a makaranta, in tafi bakin kasuwa in zauna wajen masu dara har la'asar. Ba jin daɗin hakan nake yi ba, wallahi. Tsoro ne ya cika ni, na rasa wanda zan gaya wa, girman kai kuma ya hana ni nema.

Jarrabawa ta zo na shiga na rubuta abin da na rubuta. Da aka gama ma ban koma gona ba, na ce ai akwai ta shiga jami'a a gaba, dole in ci gaba da shiri. Ba wanda ya musa mini. Haka aka yi maimai, aka yi ban ƙasa, duk ba ni.

Gero ya nuna ana shirin yanka, sai sakamako ya fito. Na je makaranta na karɓo. Hausa da addini kawai na ci da kyau. Kemistiri da lissafi da sauran darussan da ake bukata don karatun likita duk na faɗi, faɗuwar da ba ta da kwaskwarima. Na dawo gida bayan la'asar na tarar da kowa a tsakar gida, Baba a kan buzu, Inna da matar yayana suna gyaran kuɓewa, yayana yana ɗaura wa lauje ƙota. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na fara zuba hujja. Na ce ba malamai, ba littattafai, ba kananzir, gida kuma kullum daka da hayaniya, da me mutum zai ci jarrabawa?

Yayana bai ɗago kai ba. A hankali ya ce, “Gindin ɗorawar ma hayaniyar ake yi?”

Nan na gane ya sani. Da mai hankali ne ni, da na sunkuyar da kai. Amma sai na ji kamar an watsa mini barkono, na miƙe na ce, “Kai me ka sani a harkar karatu? Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba! Ka tsaya a fartanyarka, ita ka iya.”

A gaban matarsa na faɗi haka. Inna ta ce, “Innalillahi.” Yayana ya gama ɗaurin da yake yi, ya gwada laujen a hannu, ya tashi ya shiga ɗaki. Ko kallona bai yi ba.

Washegari da hantsi Baba ya ce in biyo shi. Ban tambayi ina ba. Muka ratsa gandu, gero ya yi kyau, dawa ta yi kai, ko ciyawa ɗaya babu a cikin kunyoyin. Muka wuce har gayaunar yayana. Da farko ban ma gane wurin ba. Harƙiya ta kai gwiwa, ƙarangiya ta rufe ko'ina, gyaɗar sai ka sunkuya ka buɗa ciyawa kafin ka gan ta, ta yi rawaya ta ƙanƙance. Baba ya tuge tushe ɗaya ya karkaɗe ƙasar ya miƙo mini. Ƙwaya uku ce a jiki, biyu ma ba komai a cikinsu.

Ya ce, “Ka ga wannan? Da safe yayanka ya yi rabonsa, bayan azahar ya yi naka. Nan sai in ya samu rara, rarar kuwa ba ta samu ba.”

Na karɓi tushen ina dubawa. Baba ya ci gaba, “Tun noman farko ya gan ka kana barci, ranar da ya je yanko wa akuya ganye. Da na matsa masa ya gaya mini. Na ce a dawo da kai gona tun da abin wasa ne. Ya ce, Baba a ƙyale shi, yaron nan ba malalaci ba ne, wani abu ne ya fi ƙarfinsa, in aka kunyata shi yanzu ba zai sake buɗe littafi ba. Wannan shi ne wanda ka ce bai san komai ba.”

Baba ya juya ya tafi ya bar ni a tsaye da tushen gyaɗa a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Shekarar nan ba a rufa kwano ba. Damina ta gaba matar yayana da tasoshi ta tari ruwa a ɗakinta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abincina ma ba ta fasa zuba mini ba, sai dai wasan nan namu ya mutu. In na wuce sai ta ce, “Sannu da zuwa,” kamar wani baƙo. Wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo. Shi kuwa yayana, bayan kwana biyu ya ci gaba da yi mini magana kamar ba abin da ya faru, ni ne dai na kasa haɗa ido da shi.

Da bazara ta kawo jiki Baba ya sake zaunar da mu. Ya ce shi kam maganar boko ya rufe ta, hannu uku gandu yake so. Yayana ne ya ce, “Baba, a ƙara masa shekara ɗaya. Wanda ya faɗa rijiya sau ɗaya ai ya san bakinta.” Suka yi ta ja, har Baba ya sassauta. A nan na samu ƙarfin halin cewa ni ba na so a sake ni gaba ɗaya. Zan yi gandu da safe kamar kowa, lokacin gayaunata shi zan ba karatu.

Akwai wani malamin kimiyya da ya yi ritaya yana zaune a Zakirai. Na ari keke na same shi a ƙofar gidansa yana ba tumaki harawa, na durƙusa na ce, “Malam, ni ban gane komai ba, tun daga aji huɗu.” Ban taɓa furta wannan kalma ga kowa ba sai ranar. Ya yi dariya ya ce, “Alhamdu lillahi, yau an samu mara lafiyar da ya san inda ke masa ciwo. Gobe ka zo da littafin aji uku.” Haka na koma baya kamar ƙaramin yaro, kullum bayan azahar, da kantar fartanya a hannuna. Wata rana in gane, wata rana in dawo kaina na sarawa, amma na daina ɓoyewa.

Da na sake zama jarrabawar na ci, sai dai sakamakon bai kai na karatun likita ba. Makarantar koyon aikin lafiya na samu a Kano. Yau a wani ƙaramin asibitin ƙauye nake aiki, ina awo, ina rigakafi, ina ɗaure rauni, abin da ya fi ƙarfina in tura gaba. Ban zama abin da na yi buri ba, amma na gode wa Allah, na gode wa mutanen da suka ɗauke ni lokacin da ban cancanta ba. Abin da na koya shi ne, “ban gane ba” ba ta kashe kowa, ɓoye ta ne ke ja wa mutum da na kusa da shi asara. Kuma duk ɗan makarantar da ka gani zaune a inuwa da littafi, akwai wanda ke tsaye a rana a madadinsa.

Duk tsawon wannan lokaci ban ba yayana haƙuri ba. Nakan je in nome masa gayauna ba tare da ya sa ni ba, ina ganin kamar hakan ya isa. Bakina ne ya yi nauyi. Sai ranar da zan tafi makarantar. Shi ya ɗora akwatina a keke ya tura cikin rairayi har bakin titin Minjibir, da ƙullin ƙuli-ƙuli da matarsa ta ba shi ya ba ni. Muna isa mota ta tsaya, direba yana ta danna ham. Har na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai na ji ba zan iya tafiya da abin nan a wuyana ba. Na sauko na durƙusa a gabansa, a bakin titi, fasinjoji suna kallo.

Ya ce, “Kai, lafiya? Tashi mana, mutane na kallonka.”

Na ce, “Su kalla. Yaya, na ci amanarka, ka yi noman mutum biyu ina barci, gyaɗarka ta lalace saboda ni. Sannan na zage ka a gaban iyalinka da maganar da ba gaskiya ba ce, don ka fi ni sanin abin da ke damuna. Ni ne mara sani. Don Allah ka yafe mini.”