Juma'ar da Kyari Ya Manta da Sabon Gari

Kyari ɗan marigayi Baba Abdulrauf ne, cikin Barebarin da suka daɗe a Fagge. Tun yana yaro ba shi da hayaniya. Da ya girma sai ya kama aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet, a bene, saman shagunan atamfa.

A cikin babbar kwamfutarsu, wai akwai wasu ƙananan na'urori da ido ba ya gani, ta nan kiran mutane da saƙonninsu suke bi. In ɗaya ta fara ciwo, Kyari ne zai kwashe masu magana ya mai da su wata, layi bai yanke ba. Ranar Juma'a yake wannan aiki, lokacin da 'yan kasuwa suke rufe shago, hanya ta yi sauƙi. In ya gama sai ya bi su masallaci.

Wata Juma'a ya fara kwasa, sai ga saƙonni suna ta kwararowa, sun cushe a bakin sabuwar na'urar. Ya manta a watan nan kamfanin ya shiga Sabon Gari, can kuwa ba a rufewa.

Wayarsa ta yi ƙara. Ifeoma ce, nas a wani ƙaramin asibiti da ke can Sabon Gari.

"Malam Kyari, me kake taɓawa? Likita yana Legas, ta bidiyo yake nuna min yadda zan tsayar wa wata mata jini. Hoton ya ƙame!"

"Madam, don Allah kar ki kashe bidiyon. In kin fita ba shiga sai na gama."

"To in tsaya ina kallon jini?"

Komawa baya babu hali, tsohuwar na'urar ta ɗau zafi. Sai ya umarci kowane layi ya dakata da turowa, na masu kayan mota, na masu kallon fim, duk, ya bar na asibitin kaɗai. Cunkoson ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Ta taga yana jin huɗuba, ta waya yana jin nishin matar. Salati kawai yake yi.

Can sai ga muryar likita ta dawo, yana ta faɗa da Turanci.

Sai da Ifeoma ta ce jinin ya tsaya, sannan ya saki sauran layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya sauko ya tarar an idar. Azahar ya yi shi kaɗai.

Har yau ba ya taɓa na'urar sai ya fara kiran asibitin. Ifeoma takan ce, "Mai Juma'a, yau kuma wa za ka tsayar wa numfashi?"

Shi dai ba ya dariya.