Gwangwani Ɗaya, Layi Biyu

A waɗancan shekarun, layin masu gyaran tsofaffin kwamfutoci a rabe yake: shagunan gabas na masu barin na'ura yadda aka ƙera ta, na yamma na masu sauya mata kayan ciki. Ko sukudireba ba sa ara wa juna.

Har yanzu ina ganin wani dattijo da ban san sunansa ba, siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare, yana tsallaka titi da gwangwanin karo-karo. Kuɗin na biyan mai rubuta manhaja ne, wadda za ta karanta tsofaffin fayafayan ɓangarorin biyu kafin su lalace. Ya ƙi raba gwangwanin.

"Baba, su ma a nan suka zuba?" in ji wani mai shago, yana nuna shagunan tsallaken titi.

"A nan."

"To, nawa ba zai kwana da nasu ba."

Dattijon ya mayar da murfin a hankali, yana shafa aljihun ƙirjinsa, inda wani faifai ke leƙowa da rubutu a jikinsa. Ina zaton rubutun hannun matarsa ne. Ban tambaya ba.

Iyakar abin da na iya tabbatarwa, rabin manhajar aka rubuta, kuma faifan nan har yau ba a karanta shi ba.