Mun Je Kano Ɗauko Ango, Dutse Ya Hana

Alhamis: daga Gwange zuwa Damaturu

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Gwange a Maiduguri, ni da mahaifina Alhaji Modu, dillalin shanu, a cikin tsohuwar Fijo ɗinsa. Ni ke tuƙi. Za mu Kano ne ɗauko ƙanena Kyari, wanda ya gama karatu a Ingila, zai sauka da daddare a jirgin da ke tasowa daga Holan. Ranar Asabar za a ɗaura masa aure da 'yar Alhaji Goni na unguwar Fezzan. Shi kuwa Alhaji Goni sau biyu ana ɗaga masa bikin saboda jarrabawar Kyari, ya riga ya rantse cewa in aka yi na uku, zai ba wa ɗan wansa yarinyar, ko da kuwa ita Kyari take so.

Shekarar da ta biyo bayan rikicin farko na Maiduguri ce, shingayen sojoji sun cika hanya. Dokarsu kowa ya sani: ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, kada ka kuskura ka taɓa waya. Baba ya san dokar, sai dai kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, magana kuma yana yin ta ne kamar yana ciniki a tsakiyar kasuwar shanu.

Mun wuce Beneshek lafiya. Muna cikin layi a shingen shiga Damaturu wayarsa ta yi ƙara. Kafin in hana shi ya ɗauka.

"Kyari! Kana ina? Me? Me ya fashe? Ya fashe? Hayaƙi ya rufe ko'ina? Innalillahi!"

Ban taɓa ganin layin motoci ya watse da sauri haka ba. Kafin in ƙifta ido, mu biyu muna zaune a kan kwalta, hannuwa sama, babbar rigar Baba ta bazu kamar tanti. Wani soja ya tambaye shi da gurguwar Hausa abin da ya fashe, da kuma inda ya fashe.

"Dutse ne, yallaɓai," in ji Baba. "A Turai."

Aka zazzage but ɗin motar: rigunan ango, huluna, turare, da kular naman danderu da mahaifiyarmu ta dafa wa Kyari. Allah ya taimake mu, shugabansu ya ji labarin a rediyo da safe. Ya yi dariya har da dafa mota, ya ce gaskiya ne, wani dutse ne yake aman wuta a wani tsibiri da ake kira Aisland, tokarsa ta sa an tsayar da jirage. Ya sallame mu. Danderun dai ya ragu.

Potiskum

Na ce wa Baba mu juya gida. Ya fito daga mota a Potiskum, ya yi wa idonsa inuwa da hannu, ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Bukar, ka ga toka?"

"Ban gani ba, Baba. Ai da nisa."

"Sama ɗaya ce ko biyu?"

"Ɗaya ce."

"To ga ta nan fes. Yaron nan wata Baturiya ce ta riƙe shi. Mu je filin jirgin in ji da kunnena."

Ba na ganin laifinsa. Mu a Maiduguri ko tsakuwar gini sai an kawo mana daga Gwoza a tifa. Mutumin da ya tsufa bai ga dutsen da ya fi turmi girma a garinsu ba, yaya za ka gaya masa cewa dutse ya yi amai? Muka ci balangu na naira ɗari biyar, muka sha fura mai sanyi, muka kama hanyar Azare. Zafin watan nan kuwa har sitiyari ba ya taɓuwa, sai da na naɗa masa hankici.

Kano

Bayan magariba muka shiga filin jirgi. Mutane zube a ƙasa a kan akwatunansu. Baba ya nufi wata ma'aikaciya.

"'Yata, jirgin Holan fa?"

"Alhaji, an soke. Sai abin da hali ya yi."

"Saboda toka? Tokar da mata ke kwashewa a murhu? Ba su da tsintsiya ne a can?"

Wani mutum mai sanƙo da tabarau da ke zaune kusa ya kasa riƙe dariyarsa. Da ya ji muna Kanuri a tsakaninmu sai ya ce mana wushe, wato sannu. Sunansa Dakta Yakubu, mutumin Biu, likitan dabbobi ne, yana zaune a unguwar Bulumkutu a Maiduguri. Taro zai je Turai a jirgin da bai zo ba. Baba yana jin likitan shanu ne ya gyara zama, don shi a duniya likitan shanu kaɗai ne ba ya ƙarya.

Dakta ya yi masa bayani a hankali. Ya ce wannan toka garin dutse ce mai kaifi kamar niƙaƙƙen gilashi, iska ta ɗauke ta can sama inda jirage ke bi. In ta shiga injin jirgi sai ta narke ta liƙe, injin ya mutu a sararin sama. Ya ƙara da cewa in aman ya yi girma sosai, yana iya dusashe hasken rana har duniya ta ɗan yi sanyi.

"To su ƙara masa wuta mana," in ji Baba, yana share zufa, "ko ma samu sauƙi a Borno."

Sai Dakta ya yi kuskure. Ya ce ai duwatsun Biu ma irinsu ne, sun daɗe da mutuwa ne kawai. Baba yana da garke a wajen. Nan take ya ciro waya zai sa makiyayinsa ya kwashe shanun, sai da muka haɗu mu biyu muka lallashe shi.

Baba ya yarda, amma matsalar tana nan: wa zai sa Alhaji Goni ya yarda? Ya dubi Dakta sama da ƙasa.

"Dakta, gida za ka koma?"

"Gobe, in na samu mota."

"Ka samu. Amma za ka yi mini shaida a gaban surukina."

Muka kwana a Fagge, gidan wani abokin cinikin Baba, aka ba mu tuwon shinkafa da miyar taushe. Sauro bai bar kowa ya runtsa ba sai Baba.

Juma'a: komawa gida

Da sassafe muka taso. Baba ya ce rigar Dakta ta 'yan boko ba ta shiga gaban suruki, ya sa shi ya zura ɗaya daga cikin manyan rigunan ango da hula. Muka ci masa a Azare, muka yi sallar Juma'a a Damaturu. A wancan shingen sojan nan ya leƙo, ya ga mutum cikin sabuwar shadda, ya ce, "Baba, ango ya zo? Dutse ya bari?" Baba ya ce, "Muna kan magana."

Da la'asar muka shiga layinmu. Babu wanda ya gaya wa mata komai, don Baba ya hana. Suna hango fara shadda a kujerar baya guɗa ta tashi. Aka buɗe ƙofa, aka yi wa Dakta wanka da turare. Kakarmu Ya Falmata, wadda idonta ya yi rauni, ta riƙe hannunsa, ta tura hular baya, ta shafa sanƙon, sai ta fashe da kuka.

"Wayyo Kyari! Abin da Turai ta yi maka ke nan? Ina gashinka?"

Dakta ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi. Da ƙyar muka ƙwato shi muka kai shi Fezzan. Alhaji Goni ya saurari bayanin gilashi da injin har ƙarshe, sannan ya ce shi bai fahimci ko ɗaya ba, amma mutumin da ya ɗauko shaida tun daga Kano ba da wasa ya zo ba. Washegari aka ɗaura aure, kawunmu ya karɓa wa Kyari.

Kyari ya iso bayan mako guda, a rame, ya sha kwanan benci a filin jirgin Holan. Ya je gaida Ya Falmata. Ta shafa kansa, ta ji gashi cike, ta ture hannunsa.

"Wancan ya fi ka iya gaisuwa," in ji ta.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a hanyar da ba kowa ke dawowa ba a shekarun nan. Godiya ga mai masaukinmu na Fagge, da kuma Dakta Yakubu, wanda har ta rasu Ya Falmata ba ta daina aika masa da naman sallah ba.